Kebul Uku, Dami Ɗaya

"…da gidan, da maigidan, da fasinjan da ya hana ki ganin ƙafafunki?"

"Duk lafiya lau. Ina gajiyar masu ɓata abu da sassafe su kira na gaba da su?"

"Na gaba da wa? Ni dai baiwata na kira, ga ta kuma ta zo a guje."

"A guje? Ka ga alamar mai gudu a nan? Matsa ka ba ni hanya, Ɗan Gwaggo, ka tare ƙofa kamar buhun da aka manta. Ni nawa cikin wata takwas ne, kai naka wata nawa?"

Ƙarfe tara da kwata ne na safe. Ginin bene ne, cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, zaure ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. A harabar akwai mutum tamanin da huɗu a layi, masu neman aikin jinya, kowa da takardarsa a hannu, suna jiran ƙarfe goma. Wanda ya tare ƙofar shi ne mai cibiyar. Wadda ya kira kuwa 'yar ƙanin mahaifiyarsa ce, injiniyar haɗa kwamfutoci a wani kamfani, tana gida hutun haihuwa. Taubasai ne. Tun suna rarrafe bai taɓa kiranta da wani suna ba sai 'Yar Kawu, ita kuma Ɗan Gwaggo, kowannensu yana da'awar ɗayan bawansa ne.

Ya karɓi jakarta ya wuce gaba, zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala. A ciki akwai fanka, da kujera ɗaya, da wani tsohon kwali, da durowar ƙarfe. A cikin durowar suwic yake, wato akwatin nan mai ramuka arba'in da takwas inda kebul ɗin kowace kwamfuta yake zuwa ya shiga. Fitilunsa duka suna ƙyaftawa lokaci guda, da sauri, ba kakkautawa.

Ta tsaya tana kallo, hannu ɗaya a ƙugu.

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

"Ruwa ba ya tsami banza. Me ka taɓa?"

"Shi kaɗai ya haukace. Irin kayan nan na zamani ba su da tarbiyya, kamar wasu 'ya'yan kawu."

"Ɗan Gwaggo, ina da minti arba'in da biyar da ƙafa biyu masu kumburi. Ko ka faɗa min, ko in koma gida in kwanta."

Ya sosa ƙeya. "Jiya mun yi gwaji. Na ƙasa lafiya lau. Na sama kuwa, tambayoyin akwai bidiyo a ciki, sai da suka yi minti shida kafin su buɗe. Na duba, ashe kebul ɗaya tal ya haɗa suwic ɗin sama da wannan. Kwamfuta arba'in da huɗu a kan kebul ɗaya. Sai na ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Sai ka ƙara."

"Guda biyu. Dama suna cikin bango, wanda ya yi aikin farko ya bar su."

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Wani bawan Allah a bidiyo."

"Ka kalli bidiyon har ƙarshe?"

"Ƙarshen duk surutu ne."

"To, ka soka su. Sai me?"

"Sai suka ƙi aiki. Na shiga cikin saitin, na tarar akwai wani abu da ke toshe su, kamar mai gadi."

"Mai gadi ne. Aikinsa kenan."

"Na sallame shi."

"Ka sallame shi."

"Yana hana ruwa gudu."

Ta ja kujerar ta zauna a hankali. "Karambanin akuya, gai da kura. Garin neman gira ka rasa ido. Ka san abin da ka yi? Suwic ɗin ƙasa ya yi cigiya ta kebul na farko. Na sama ya karɓa, ya maido ta ta na biyu. Na ƙasa ya ji, ya ce ga sabon labari, ya sake turawa. Haka suke tun safe, magana ɗaya tana zagaye har ta cika gidan, babu mai jin wani. Kamar Gwaggo ta faɗa wa babana magana, babana ya dawo ya faɗa mata, ta ce ka ji ko, har a gari ana faɗa."

"Ki fitar da uwata a ciki."

"Yayar ubana ce, na riga ka saninta."

"Kin riga ni? Na girme ki da wata uku."

"Wata ukun nan a barci ka yi su. Zare na rami arba'in da shida da arba'in da bakwai."

Ya zare. Fitilun suka lafa, suka koma ƙyaftawa ɗaya-ɗaya.

"Ka gani?" in ji shi. "Da hannuna na gyara."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai sa ido ce daga hukumar jarrabawar, mace mai gilashi da fayil a hannu, irin waɗanda ba su dariya a bakin aiki. Ba ta shigo ba, domin ɗakin ba ya ɗaukar mutum uku.

"Manaja, goma saura minti goma zan yi gwajin ƙarshe," ta ce. "Dokar ita ce tambayoyi su buɗe a kowace kujera cikin minti uku. In ba su buɗe ba zan kira ofis, a sallami mutanen nan, a cire cibiyarka daga jerin har shekara biyu. Su kuma sai baɗi."

"Za su buɗe, Malama. Ga injiniyarmu ta zo."

Malama ta dubi injiniyar, ta dubi cikin, ta dubi agogo, ta tafi.

"Injiniyarmu," in ji 'Yar Kawu. "Ɗazu baiwa, yanzu injiniyarmu. Wuya makarantar kare."

"A gaban baƙi ne na rufa miki asiri."

Ta ciro laftof, ta nemi inda za ta ɗora shi a cinya, ta rasa.

"Fasinja ya cinye kujerar gaba," ya ce.

"To kai ne teburi. Durƙusa ka riƙe."

Ya durƙusa ya riƙe laftof ɗin da hannu biyu. Ta ɗauko wani siririn kebul shuɗi daga jaka, ta haɗa shi da suwic ɗin, baƙin allo ya buɗe, ta fara bugawa.

"Da farko in dawo da mai gadin da ka kora, nan da sama. Ya fi ka hankali."

"In kin dawo da shi zai sake toshe kebul ɗina."

"Ba zai toshe ba, don ba zai ga guda uku ba. Ɗaya zai gani. Ɗaure su zan yi su zama dami. Sai an gaya wa suwic ɗin cewa ramukan nan uku hanya ɗaya ce, a gaya wa na sama ma haka, sannan su raba kaya a tsakaninsu. Ba a soka kawai a tafi."

"Tsintsiya, maɗaurinki ɗaya. Ai abin da na yi nufi kenan."

"Nufi ba ya share ɗaki. Kai tsinke uku ka watsar a ƙasa ka ce ka sayi tsintsiya."

"To in an ɗaure, kowace kwamfuta za ta ninka gudu sau uku ko? In rubuta a allon talla."

"Kada ka kuskura. Kowace kwamfuta kebul ɗaya za ta bi. Yawan ƙofa ba ya ƙara wa mutum sauri, layi yake ragewa. Daina girgiza min allo."

"Gwiwata ce."

"Gwiwarka ta yi haƙuri, ita ta kawo ka ɗakin nan da safe."

Ta bi ta tsohon kebul ɗin, wanda ke rami na arba'in da takwas, ta shiga suwic ɗin sama daga inda take zaune. Ta rubuta masa dami na ɗaya a kan rami arba'in da shida da arba'in da bakwai. Ta dawo ta rubuta wa na ƙasa daidai da haka, gudu ɗaya, saiti ɗaya.

"Me ya sa kika bar tsohon?"

"Ta kansa nake magana da na sama. In na taɓa shi yanzu hanya ta yanke, sai ka goya ni mu hau bene."

"Bar shi. Don Allah bar shi."

"Sai kuma gaisuwa. Akwai yarjejeniyar da suke yi, LACP ake ce mata. Kowane suwic ko dai ya zama mai fara sallama, ko mai jira a yi masa. In duk biyun masu jira ne, haka za su zauna suna kallon juna har a tashi aiki."

"Kamar ni da ke shekarar da kika fasa min rediyo."

"Rediyon ya gaji da duniya ne. Wa ya fara sallama?"

"Ke."

"Ƙarya kake, Gwaggo ta ja kunnenka ka zo."

"To ki sa na sama ya zama mai jira. Na sama ai ni ne."

"Duk biyun na sa su fara sallama. Ba na son masu girman kai a aikina. Ajiye laftof a kan kwalin nan, mai da kebul biyun, ka hau sama ka gaya min a wane rami ka soka ɗaya kan nasu."

Matakala ashirin da biyu ne. Ya hau, ta kira shi a waya, ta ajiye ta a kan kwali tana jin hakinsa.

"Kana raye?"

"Motsa jiki nake. Ɗaya yana arba'in da bakwai, ɗaya yana arba'in da biyar."

"Arba'in da biyar. Ƙidaya ma sai an ɗauko maka injiniya? Me ke cikin arba'in da shida?"

"Kwamfutar kujera ta ƙarshe."

"Musanya su."

Ya musanya. A allonta rami na arba'in da bakwai ya amsa sallama ya shiga dami. Da ta ga ta samu hanya ta biyu, sai ta shigar da tsohon ma, sama da ƙasa, ya shiga ba gardama. Na arba'in da shida kuwa ko motsi. Ta zare shi ta mayar, shiru. Agogo ya ce tara da minti talatin da huɗu.

"Biyu sun shiga, ɗaya ya mutu," ta ce.

"Biyu ba su isa ba?"

"Ɗaya ya ba ka minti shida. Biyu za su ba ka uku da 'yan kai. Malamar nan kuma ba ta yi min kama da mai yafe 'yan kai ba."

Ta zare mataccen ta kai shi kusa da ido. Kan kebul roba ce fara mai nuna ciki, ana ganin siraran wayoyi takwas a jere, kowace da launinta, kowace kuma da gurbinta. A wannan, kore yana gurbin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa yana gurbin kore.

"Wa ya sa wa kebul ɗin nan kai?"

"Wanda ya yi aikin farko."

"Ɗan Gwaggo."

"Ya sa wa ɗaya. Ɗayan ya bar shi ba kai. Na sa masa."

"Da ƙafa ka sa ko da hannu? Ko tsohuwa mai tsintar shinkafa ta fi ka iya jera abu. Ina filayar?"

"Tana aljihuna, da ragowar kawuna biyu."

"Makamin laifi yana jikin mai laifi. To, na nan zan yanke in sake. Kai ka yanke na can. Fere bawon kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, kada ka ji wa na ciki ciwo."

Ta ciro tata filayar da sabon kai daga jaka, ta yi nata cikin minti ɗaya, tana magana tana yi. Ta matse, ta soka.

"Ka fere? To jera daga hagu. Fari mai ratsin ruwan goro, sai ruwan goro. Fari mai ratsin kore, sai shuɗi. Fari mai ratsin shuɗi, sai kore. Fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Ka ji?"

Shiru.

"Ko ka suma?"

"Na ji."

"To me kake jira, a buga maka ganga?"

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa. Ta waya tana jin surutun masu jira a harabar yana shigowa ta tagar sama.

"'Yar Kawu." Muryarsa ta sauka. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni kore da ruwan ƙasa da ruwan goron nan, duk abu ɗaya nake gani."

"Wane irin abu ɗaya?"

"Abu ɗaya. Wani ya ɗan fi wani duhu, shi kenan. Haka idona yake tun ina yaro. Inna kaɗai ta sani."

'Yar Kawu ta dubi wayar. Ta tuna ranar da malamin zane ya zane masa jiki a firamare don ya shafa wa ganyen bishiya ruwan ƙasa, ita kuma ta yi ta dariya har gida. Ta tuna safa wari-wari da ta shekara ashirin tana yi masa tsiya a kansu, da yadda Gwaggo kan ware masa kayan sawa har bayan ya yi gemu. A duk rayuwarsu bai taɓa miƙa mata sandar dukansa mai kyau irin wannan ba. Ta bar ta a inda take.

"Shuɗin fa?" ta ce.

"Shuɗi ba ya min gardama."

"Madalla. Kunna bidiyon waya, ka jingina ta a jikin durowa, ka sa hannunka a gabanta. Kada ka warware su tukuna. Tagwaye huɗu ne, kowane fari yana nannaɗe da ɗan'uwansa. Baza su in gani."

Hoton yatsunsa ya fito a wayarta.

"Wanda ke kusa da babban yatsanka, shi ne na farko. Kai shi hagu can. Warware, farin ya riga. Yauwa. Wanda ke tsakiya yanzu, kai shi dama can ƙarshe, shi ma farin ya riga. Saura biyu, shuɗi da wani. Wanin nan raba su, farin ya tsaya hagu, ɗan'uwansa ya koma dama, shuɗin ya shiga tsakaninsu. A'a, shuɗin ya riga farinsa. Shi kaɗai ne mai taurin kai, irinka."

"Haka?"

"Matso da shi. Haka. Danne da yatsa, yanke bakin ya zo daidai. Tura cikin kan, harshen robar yana kallon ƙasa. Tura har su taɓa ƙarshe. Nuna min. Na biyar ya maƙale, bai kai ba."

"Ya kai."

"Ni da kai wa ke gani?"

Da maganar ta fita ta ji nauyinta. Can sama sai ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Yau dai ke," ya ce. Ya tura. "Yanzu fa?"

"Matse. Da ƙarfi, kamar kana matse hannun mai ba da kwangila."

Ya matse, ya soka a rami na arba'in da shida. Ta zuba wa allo ido. Daƙiƙa ɗaya, biyu, biyar. Layin ya canza. Ramuka uku, dami ɗaya.

"Sauko," ta ce. "A hankali, kada ka gangaro ka fasa min matakala."

Goma saura minti goma daidai mai sa ido ta danna gwajinta, ta hau sama da agogo a hannu. Su biyun suka tsaya a bakin ɗan ɗakin. Ɗan Gwaggo yana ta goge gumi da hula.

"In abin nan ya faɗi, ke kika ɓata," ya ce a hankali.

"In ya yi fa?"

"Ni na matse kan."

Aka ji takun takalmi yana saukowa.

"Minti biyu da daƙiƙa tara," in ji Malama. Ta rubuta a fayil. Sai ta ɗago ta dubi injiniyar. "In kebul ɗaya ya mutu ana tsakiyar jarrabawa fa?"

"Na sama suna buɗe yanzu ko?" 'Yar Kawu ta miƙa hannu cikin durowa ta zare na arba'in da bakwai.

"Ke!" Ɗan Gwaggo ya dafe ƙirji. "Kin kashe ni!"

"Je ki duba, Malama."

Malama ta hau, ta jima kaɗan, ta sauko. "Ba abin da ya tsaya."

"Sauran biyun sun ɗauki kayansa. In aka mayar da shi ya karɓi rabonsa." Ta mayar.

Malama ta gyaɗa kai, ta fita harabar ta ce a fara shiga. Layin ya motsa. Wata mata a gaba ta ɗaga hannu sama ta shafa a fuska, sannan ta miƙa takardarta.

'Yar Kawu ta fara naɗe shuɗin kebul ɗinta tana ƙoƙarin rufe laftof.

"Tsaya," ya ce. "Kin ajiye?"

"Na ajiye me?"

"Aikin. Ni kullum abin da nake faɗa wa masu jarrabawa kenan, kowa ya danna ajiyewa kafin ya tashi, in ba haka ba in wuta ta ɗauke ya yi aikin banza. Shi suwic ɗin ba ya mantuwa?"

Hannunta ya tsaya a kan murfin. Yana mantuwa. In ba a ba shi umarnin ajiyewa ba, wuta na ƙiftawa zai farka a yadda Ɗan Gwaggo ya bar shi da safe, ba dami, ba mai gadi, kebul uku a soke. Ta sake buɗe laftof ɗin, ta mai da shuɗin kebul, ta buga layi ɗaya a na ƙasa, ta buga a na sama.

"Allahu akbar," ya ce. "Jama'a ku zo ku gani. Injiniya guda, da digiri, da jaka."

"Dama zan yi."

"Da za ki yi kina kan babur. Wanzami ba ya son jarfa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi…"

"Tsintar dami a kala ka yi, kada ka ɗauka noma ka iya."

"Yau sai na kira Kawu na gaya masa kuɗin makarantarki ni ya kamata a kashe wa."

"Kira shi. Ni kuma in kira Gwaggo in gaya mata ɗanta ya kori mai gadi ya bar gida a buɗe, har sai da aka taso mai ciki wata takwas daga kan gado."

"Mu bar iyaye su huta."

"Da dai ya fi maka."

Ya leƙa waje ya ga ba kowa kusa. Ya rage murya. "Ɗayar maganar fa? Ta idon."

"Wace magana?"

"Kin sani."

"Ɗan Gwaggo, abin zaginka da ke hannuna zai kai ni shekara talatin ban maimaita ba. Me zan yi da ƙari? Kai dai duk ranar da za ka sa wa kebul kai, ka kira ni in duba. Ko ka bar wa masu hankali."

Sai ya juya ya tura ƙofar durowar, ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan makulli, ya kulle, ya cire shi daga zoben ya miƙa mata.

"Ungo."

"In yi me da shi?"

"Ki tafi da shi gidanki. Hannun nan nawa ba ya jin magana, na san shi. Yau kin kayar da ni, na yarda. Amma a ɗakin nan kaɗai, in mun fita ban san zancen ba."

Ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu. "Guda nawa ne?"

"Shi kenan."

"Ɗan Gwaggo."

Ya yi ajiyar zuciya, ya sunkuya, ya zaro na biyu daga cikin safa.

Ta jefa su duka a jaka ta ja zif. "Daga yau in kana son ganin suwic ɗinka, ka rubuto takarda, kwafi biyu, da sa hannun babban mutum. Kama ni in tashi."

Ya kama ta ta miƙe, dariya ta ƙwace masa, irin mai girgiza tumbi, ita ma ta kasa riƙe tata. Ƙofar zauren ƙasa ta buɗe, gilashin Malama ya leƙo.

"Manaja. Ana jarrabawa."

Ya toshe baki da hula, ya rataya jakarta a kafaɗa, ya raka ta bakin titi yana ta shessheƙa.